Cikin Shekara Uku

"Mene ne a cikin kwandon nan, Filomiz?"

Ba ta juyo ba. Tana tsaye gaban guntun madubin da ke rataye a bango, tana ɗaura farin ɗankwali irin wanda matan cocinmu ke ɗaurawa ranar Laraba idan za a hau dutse yin azumi. Sati shida ke nan da sallamo ta daga asibiti, amma har yanzu in ta ɗaga hannu sai ɗinkin mararta ya ja ta.

"Ɗanka ne," ta ce. "Zan kai shi ya gaida kakarsa."

Mijinta Wilner ya ajiye zarton da ke hannunsa, ya durƙusa ya ɗaga tawul ɗin da aka rufe kwandon da shi. Kwalba ce babba mai faɗin baki, cike da ruwan magani. A cikinta akwai dunƙulen nama fari-fari da ya kai girman kan jariri, da wasu ƙanana biyu manne a gefensa. Kusa da kwalbar kuma ga ɗan kwano an ɗaure shi da tsumma, ƙamshin soyayyar hanta na tashi daga ciki. Ya mayar da tawul ɗin da sauri kamar ya taɓa garwashi.

Ya ce shi ya zaci an bar abin a asibiti. Ta ce ta roƙi nas da hawaye har ta ba ta, domin abin da ta yi shekara uku tana shafawa tana yi masa waƙa ba zai ƙare a bola ba.

"Cheri, masoyiyata, don girman Allah..."

"Kada ka kira ni da wannan sunan yau. Ka ajiye shi sai na dawo, in har bakinka zai iya faɗa."

Shekara bakwai ke nan da aurensu, kuma duk tsaunukan bayan garin Jeremi an san yadda abin ya faro. Filomiz tana sayar da niƙaƙƙiyar gyaɗa mai yaji a kasuwa, tsaye tun safe har yamma. Wilner kafinta ya ƙera mata ɗan benci kyauta, amma da gangan ya gajarta ƙafa ɗaya don ta dawo masa da shi. Sau uku tana kai masa bencin tana masifa, sau uku yana gyara ƙafa ɗaya ya lalata wata. A karo na huɗu ta ce masa in aurenta yake so ya je ya gaida mahaifinta, ya bar katako ya huta.

Sun shekara huɗu ba haihuwa. Sai cikinta ya fara tasowa, amma kuma jinin wata bai tsaya ba, ƙaruwa ma ya yi, ya kwana goma yana zuba da guda-guda. Surukarta Man Sintaniz, wadda ita ce ke jagorantar azumin mata a cocin, ta kwantar da ita a tabarma ta danna cikin da tafin hannu, ta ji tauri, sai ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Ubangiji. Ta ce ciki ne, kwanciya ya yi. Pedisyon muke ce masa: jinin da ya kamata ya gina yaro yana tsiyayewa, sai yaron ya tsaya yana jira a ciki har ranar da aka toshe hanyar jinin.

Wa zai yi mata musu? Ita kanta shaida ce. Mijinta Elifet ya ƙetare iyaka zuwa ƙasar Dominikani yankan rake bai sake dawowa ba, ya bar ta da ɗan ƙaramin ciki in ji ta, cikin ya kwanta shekara uku, ta yi ta azumi har Allah ya tashe shi, ta haifi Wilner. Duk ranar sabuwar shekara bayan an sha miyar kabewa sai ta miƙe a coci ta ba da wannan labari, mata suna kuka, Wilner yana zaune kansa a ƙasa.

Haka Filomiz ta shiga hannunta. Da farko Laraba da Juma'a, ba ci ba sha har rana ta karkata. Daga baya kwana bakwai a jere. Aka hana ta nama, aka hana ta hanta da wake da lalo, wai duk abincin da ke ƙara jini shi ke buɗe ƙofar jini. Abin buɗe bakinta shayin ganye mai ɗaci da dafaffiyar ayaba ba mai. Man Sintaniz ta raɗa wa yaron suna Samyel, ta ɗinka masa riguna shida da hula. Wilner ya ƙera masa ɗan gado da katakon da ya fi kowane kyau a shagonsa.

Filomiz kuwa ta so Samyel. Kowace safiya in tana niƙa gyaɗa tana yi masa hira, tana ce masa ya daina lalaci ya fito ya ga ubansa. Tafin hannunta ya koma fari kamar na mai wankin rogo. Hawan dutsen da a da take yi a guje, yanzu sai ta huta sau huɗu.

A shekara ta biyu wata nas ta zo da motar duba marasa lafiya, ta ja fatar idon Filomiz ta duba, ta ce maza a kai ta birni a yi mata hoton ciki. Filomiz ta dawo gida da takardar a hannu. Man Sintaniz ta karɓa ta jefa a murhu, ta ce wuƙar likita ba za ta taɓa jikanta ba. Filomiz ta juya ta kalli mijinta. Yana tsaye a bakin ƙofa, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya rufe, ya koma shago.

A shekara ta uku aka ɗora mata azumin kwana ashirin da ɗaya. Ranar ta goma sha bakwai ta faɗi a kan dutsen, jini ya jiƙa farar rigarta har ƙasa. A kan ƙyauren ƙofa maza huɗu suka sauko da ita. Leda uku na jini aka ƙara mata, kuma don a ceci ranta sai da aka cire mahaifar gaba ɗaya.

Likitar mace ce, ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta zauna a bakin gadon ta ce mata babu yaro, ba a taɓa yin yaro ba. Ƙari ne ya tsiro a mahaifa, kuma baƙaƙen mata da yawa suna da shi. Ba baki aka yi mata ba, ba kuma wani abu ta ci ba. Azumi ba ya narkar da shi, yunwar ma ita ta ƙarasa ɗan jinin da ya rage mata, don abincin da aka hana ta shi jikinta ke nema. Da ta zo tun lokacin da nas ta ba ta takarda, mai yiwuwa da an cire ƙarin an bar mata mahaifarta.

Filomiz ta juyo ta kalle ta. Sannan ta tambaya ko yaro yana iya shekara uku a ciki. Likitar ta ce a'a. Ta ce ko a cikin wata macen daban, mai yawan addu'a? Likitar ta ce ko a cikin wace ce.

A kan wannan gadon ta ƙirga shekarun tafiyar Elifet da yatsunta, ta ƙirga haihuwar Wilner, ta gane ba ɗansa ba ne, ta yi shiru da abinta.

Wataƙila da ta mutu da shirun nan. Amma tun kafin ɗinkinta ya bushe labari ya iso mata: Man Sintaniz ta tsaya gaban mata a kan dutse ta ce Samyel yaro ne sosai, uwarsa ce ta karya azumi a ɓoye, ta ci hanta a bayan kasuwa, shi ya sa Allah ya mayar da shi tsokar nama. Mata suka daina sayen gyaɗarta. Wata har ta janye 'yarta daga kusa da ita a bakin famfo.

Shi ya sa a safiyar nan ta soya hanta, ta ɗauko kwalba.

"Zan zauna a tsakiyarsu in ci hantar da aka ce na ci," ta ce wa Wilner. "Sannan in buɗe musu jikanta su gani. Sannan in faɗa musu abin da likita ta ce, in ce kowa ya ɗaga yatsunsa mu ƙirga tare."

Ba ta ce me za a ƙirga ba, shi ma bai tambaya ba. Ya zauna a kan ɗan gadon Samyel da har yanzu yake a lungun ɗakin. Dukansu sun san abin da zai biyo baya. Filin da gidan da shagon suke na dangin Elifet ne, kuma kawunnan Wilner sun daɗe suna hararar bishiyoyin gahawar da ke bayan gida. Sunan da yake amsawa ma sai ya zama abin dariya a kasuwa.

"Na sani, Filomiz," ya ce a hankali. "Tun ina shekara goma sha biyu na sani. Akwai wani tela da ya rasu, duk ranar kasuwa sai ya saya min alewa ya tsaya yana kallona. Kunnuwanmu iri ɗaya."

Sai a lokacin ta juyo.

"Ka sani? Ranar da ta ƙona takardata ka sani?"

"In na ce naki ba ciki ba ne, na ce nata ma... Na ce wa kaina wataƙila naki daban ne. Na so ya zama daban."

"Ka rufa wa uwarka asiri da jinina."

Bai musa ba. Hawaye na bin gemunsa. Ta jira zuciyarta ta yi sanyi kamar yadda take yi duk lokacin da ta ga idonsa ya jiƙe, amma ba ta ji komai ba sai wuta. Ta ɗora kwandon a ka, ta ce masa dama tana tunanin ko za ta ji tausayinsa a hanya, yanzu ya rage mata nauyi. Ta fita.

Ta hau dutsen nan ba ta huta ba ko sau ɗaya, ko da yake ɗinkin yana cizonta. A kowane taku tana maimaita kalmomin da za ta faɗa. Tana so ta ga bakin tsohuwar ya mutu. Tana so matan da suka kauce mata su kauce wa tsohuwar, su nuna ta da leɓe, su bar ta ita kaɗai a benci ranar Lahadi har ta mutu.

A saman dutsen mata sun fi talatin, duk cikin farare, zaune a tabarmi suna waƙa. Ina cikinsu ranar, ni da na wanke gawar ƙanwata Rozmen da hannuna shekara biyu kafin nan, bayan ta mutu da irin wannan cikin, na kuma yarda cewa kwananta ne ya ƙare. Da muka ga Filomiz waƙar ta yi rauni. Wata ta ce ƙasa-ƙasa, ga mai hanta nan ta iso, wasu suka ƙunshe dariya.

Man Sintaniz tana durƙushe a tsakiya, hannunta a kan cikin wata yarinya. Widlin ce, amaryar bara, shekararta ashirin da biyu, ranar azuminta ta tara ke nan. An kwantar da ita daidai inda ake kwantar da Filomiz. Hannunta ɗaya ya zube a gefen tabarma, tafin a buɗe, fari fat.

Filomiz ta tsaya tana kallon wannan tafin hannun. Ta san in ta faɗi abin da ta zo faɗa, kafin rana ta faɗi labarin tela da kunnuwan Wilner zai kai Jeremi. Za a yi shekara ana cin naman tsohuwar, kuma ba wanda zai tuna da yarinyar da ke kwance. Mijin Widlin zai nemo mata wata mai addu'ar a wani dutsen. Ba tausayin surukarta ne ya kama ta ba, ko kaɗan. Gani ta yi abin kunya kaɗai ya yi wa tsohuwar arha.

Ta ratsa tabarmin, ta durƙusa gaban Man Sintaniz kamar mai neman a sa mata albarka, ta ajiye kwandon tsakaninsu, ta ɗaga tawul ɗin yadda ita kaɗai za ta gani.

"Manman, uwarmu, ga Samyel. Ki duba da kyau, wa ya ɗauko?"

Tsohuwar ta kalli kwalbar. Ta ce mata ta ji tsoron Allah ta rufe wannan ƙazantar, nan wuri ne mai tsarki.

"Likita ta ce yaro ba ya shekara uku a ciki," in ji Filomiz, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ko a cikin wace ce. Na iya ƙirge, Manman. Matan nan ma sun iya. Ki tashi da ƙafarki ki faɗa musu ban karya azumi ba. Ki faɗa musu babu yaro. Ki ce a sauka da yarinyar nan asibiti yau. In ba haka ba ni zan tashi, kuma daga tela zan fara."

Fuskar tsohuwar ta yi toka. Amma mace ce da ta shekara talatin da biyar tana tsaye a kan labari ɗaya, ba ta saba durƙusawa ba. Ta matso har goshinsu ya kusa haɗuwa, ta ce mata ta tashi ta faɗa in ta isa, ai mijinta za ta kashe, kuma ta san ba za ta iya ba don tana son sa.

Filomiz ta ji maganar har cikin ɗinkinta, domin gaskiya ce. Ta dafa ƙasa za ta miƙe, ita kanta ba ta san me zai fito daga bakinta ba.

"Manman."

Wilner ne. Ba wanda ya ga hawowarsa. Yana tsaye a bakin tabarmin da kayan aikinsa, garin katako a gashinsa, namiji shi kaɗai a taron mata. Bai rage murya ba.

"Ki faɗa musu abin da matata ta ce ki faɗa. In ba ki faɗa ba, ba ita za ta yi magana ba, ni zan yi. Na yi shiru sau ɗaya, ga abin da ya jawo a cikin kwando."

Uwa da ɗa suka kalli juna. A nan ne tsohuwar ta gane ya sani, ya kuma daɗe da sani. Mun ga kafaɗunta sun sauka. Ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar, kuma muryar da ke cika dutsen nan da addu'a ta fito siririya. Ta ce ta yi wa surukarta ƙazafi, Filomiz ba ta taɓa karya azumi ba. Ta ce abin da ke cikinta ba yaro ba ne, ciwo ne, kuma ita ta hana a kai ta asibiti. Ta ce a nemo ƙyaure a sauka da Widlin.

Ba wanda ya yi motsi. Filomiz ta kwance ɗan kwanon nan, ƙamshin hanta ya bazu cikin mata masu azumi, ta miƙa wa tsohuwar.

"Da hannunki za ki ba ta."

Man Sintaniz ta sake durƙusawa, ta tallafi kan Widlin, ta gutsuro hantar tana sa mata a baki, hawaye na ɗiga a kwanon. Yarinyar ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta sake buɗe baki. Filomiz ta tsaya a kansu har kwanon ya ƙare. Sannan ta ɗauko kwalbar ta ajiye a fili a kan dutse, ta ce duk mai son gani ta zo ta gani. Muka zo ɗaya bayan ɗaya. Ni na daɗe a wurin.

An cire wa Widlin nata ƙarin, aka bar mata mahaifarta. Man Sintaniz ba ta sake jagorantar azumi ba, kuma da sabuwar shekara ta zo ba ta miƙe ta ba da shaida ba. Wasu sun ƙirga a zuci, ba shakka, amma ba wanda ya ƙirga da baki. Filomiz ba ta yafe mata ba. Har tsohuwar ta rasu ba ta sake taka ɗakinta ba, sai dai duk Laraba takan aika mata kwanon hanta da wake a hannun Wilner, kuma tsohuwar ta san ma'anarsa.

Amma a ranar da aka yi abin a kan dutse, da la'asar, Filomiz da mijinta suka sauko gida. Wilner ne ya ɗauki kwandon. Da suka iso ta shiga ɗaki ta fito da riguna shida da hula. Shi kuma ya ɗauko fartanya ya nufi gindin mangwaron bayan gida, wurin da da an haifi yaron a nan za a binne cibiyarsa.

Ya haƙa rami mai zurfi. Ta naɗe kwalbar da rigunan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora hular a kan murfin. Ta san nama ne kawai, likita ta faɗa mata, ta kuma gani da idonta. Amma da ta sunkuya za ta ajiye shi sai hannunta ya ƙi saki.

"Shekara uku ina yi masa hira, Wilner... Wa nake yi wa hira?"

Ya durƙusa a gefenta ya sa hannunsa ƙarƙashin nata, suka saukar da shi tare. Kukan da ba ta yi a asibiti ba, wanda ba ta yi ranar da aka janye yarinya daga kusa da ita ba, shi ya ƙwace mata. Ta kira Samyel, ta sake kira, ta daki ƙirjin mijinta da hannu biyu, shi kuwa bai kare ba.

Da ta gaji ya shiga ya ɗauko mata tsohon bencin nan don kada ta zauna a ƙasa da ɗinki. Ta zauna, bencin ya karkata gefe kamar kullum. Ya tsaya da fartanya a hannu, ya tambaye ta ko yanzu zai iya kiranta da sunan da ta hana shi da safe.

Ta share fuska da farin ɗankwalin, ta kalli ramin.

"Ka gama rufe ɗanmu tukuna," ta ce.